Baƙon da ya yi aikin gona takardarsa ta mutu: wace doka ce take tsaya masa?

Tanimu_Sabo:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa mazauna wannan zaure. Ina da tambaya da nake so masana shari'a da waɗanda suka taɓa fita ci-rani su taimaka mini da amsa. Ƙanen matata ya tsallaka wata ƙasa ya yi aikin gona na wata huɗu, tun daga dashe har aka gama girbi. Mai gonar ya biya shi wata biyu na farko, sauran kuma ya ce sai an sayar da amfani. Da aka sayar, sai ya ce masa tunda izinin zamansa ya ƙare ana tsakiyar aiki, babu wata yarjejeniya tsakaninsu da kotu za ta kalla, kuma idan ya matsa masa zai kira jami'an shige da fice. Shin mutumin da ba ɗan ƙasa ba, musamman wanda takardarsa ta mutu, yana da haƙƙin da doka take karewa a kan aikin da ya riga ya yi, ko kuwa haƙƙin ma'aikaci na ɗan ƙasa ne kaɗai? Da gangan ban ambaci sunan ƙasar ba, domin yaron yana can har yanzu.

Barista_Rabi:
Wa alaikumus salam, Malam Tanimu. Mai gonar nan ya cakuɗa abubuwa biyu waɗanda shari'a take rarrabewa. Izinin zama magana ce tsakanin baƙo da hukumar ƙasa, ladan aiki kuwa magana ce tsakaninsa da wanda ya sa shi aikin, kuma lalacewar ta farko ba ta yafe bashin ta biyu. Sanarwar Haƙƙin Ɗan Adam ta 1948, a sashe na 23, cewa ta yi kowa yana da haƙƙin samun lada daidai da aikinsa, ba ta ce kowane ɗan ƙasa ba. Haka yarjejeniyar 1966 kan haƙƙoƙin jama'a da na siyasa ta ɗora wa kowace ƙasa nauyin duk mutumin da ke cikin iyakarta, abin da ta keɓe wa 'yan ƙasa shi ne zaɓe da tsayawa takara da shiga aikin gwamnati, a sashe na 25.

Akwai kuma waɗanda suka yi magana kai tsaye a kan irin halin da surukinka yake ciki. Yarjejeniya mai lamba 143 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda aka yi a 1975, ta ce a sashe na 9 ko da ba a iya gyara wa ɗan ci-rani takardunsa ba, dole a ba shi ladansa da sauran haƙƙoƙin da suka samo asali daga aikin da ya riga ya yi. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 18 ga Disamba 1990 kan 'yan ci-rani da iyalansu ta ƙara fito da abin fili a sashe na 25, inda ta ce rashin ingancin takardun ma'aikaci ba ya sauke wa wanda ya ɗauke shi aiki wani nauyi na doka ko na yarjejeniya.

Sadiku82:
Barista, ba na ja da abin da kika karanto, amma ki gaya wa Malam Tanimu su wane ne suka amince da wannan yarjejeniya ta 1990. Ƙasashe 20 kawai ake nema kafin ta fara aiki, amma sai da aka kai watan Yulin 2003 sannan ta fara, wato shekara kusan 13 tana kwance. Har yau waɗanda suka shiga kusan 60 ne, kuma mafi yawansu masu tura ma'aikata ne, irin su Meziko da Moroko da Filifin da Bangaladesh. Babu Amurka, babu Kanada, babu ko ƙasa ɗaya daga Tarayyar Turai, babu ƙasashen Larabawa masu arzikin mai na yankin Gulf. Ke nan masu gonakin da ake zuwa yi wa aiki sun ƙi sa hannu, aka bar iyayen yara suna yi wa juna alkawari.

Barista_Rabi:
Gaskiya ka faɗa, Malam Sadiku, kuma shi ya sa lauya ba ya fara shiga kotu da waccan yarjejeniya. Amma ƙin sa mata hannu bai bar fili babu doka ba. Tarayyar Turai tana da dokarta ta 2009 wadda ta tilasta wa duk wanda ya ɗauki baƙo marar takarda aiki ya biya shi bashin ladansa, kuma idan aka rasa hujjar tsawon lokacin aikin, kotu za ta ƙaddara cewa wata uku ne sai in ɗayansu ya tabbatar da akasin haka. A Afirka ta Kudu ma, Kotun Ƙwadago ta yanke hukunci a 2008 a kan wani ɗan Ajantina da aka sallama bayan izinin aikinsa ya ƙare, ta ce har yanzu ma'aikaci ne a idon doka kuma yana da damar kai ƙara. Ba a gona yake aiki ba, amma hukuncin ya shafi duk mai irin matsayinsa.

Tsohon_Lebura:
Ni na yi kaka uku ina tsinkar tumatir a kudancin Italiya, kuma zan faɗi abin da idona ya gani. A duk tsawon lokacin nan ban taɓa yin magana da mai gona baki da baki ba. Wanda muka sani shi ne dillalin da yake zuwa da mota tun kafin asuba, wanda can ake kira kaforale. Shi yake zaɓar wanda zai hau mota da wanda zai koma ya kwanta, shi yake ƙirga manyan akwatunan da ka cika, domin jinga ake yi ba a lissafin awa, kuma daga cikin kuɗinka yake cire kuɗin mota da na ruwan da ka sha a gona. Yana da wani ɗan littafi da yake ajiyewa a aljihun gaban riga. Da yamma idan ka ce ka cika akwati goma sha ɗaya, sai ya buɗe ya ce tara, kuma littafinsa ne gaskiya, domin kai ba ka da naka. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Abin da nake so Barista ta fahimta shi ne, ba rashin sanin haƙƙi ne yake rufe mana baki ba. Mun san ana cin guminmu. Amma wanda ya yi magana yau, gobe mota za ta wuce shi a bakin titi yana tsaye, kuma ɗakin da yake kwana ma ta hannun wannan dillali ya same shi. Kotu kuwa tana birni, tana buɗewa a daidai lokacin da kake duƙe a gona, kuma kafin a kira ƙararka kaka ta wuce, kai ma ka koma wani yanki tsinkar lemo.

Hajiya_Kulu:
Allah ya saka maka, ɗan'uwa. Ina so in ƙara a kan maganarka cewa Italiya ta yi doka mai lamba 199 a shekarar 2016 wadda ta sa hukunci ya hau kan mai gonar kansa, ba dillali kaɗai ba, har da ɗauri da ƙwace dukiya. Duk da haka, a watan Yunin 2024, a yankin Latina da ke kudu da birnin Rum, inji ya cire wa wani lebura ɗan Indiya hannu, kuma maimakon a kai shi asibiti sai aka ajiye shi a ƙofar gidan da yake kwana, da guntun hannun a cikin akwatin zuba kayan lambu. Bayan kwana biyu ya rasu. A lokacin, shekara takwas ke nan da yin dokar.

Gambo_Manomi:
Ku yi mini haƙuri in yi magana daga ɗaya ɓangaren, domin ni ina ɗaukar 'yan ƙwadago kowace kaka, kuma a cikinsu akwai waɗanda suke tsallako iyaka. Ban goyi bayan hana mutum ladansa ba, wannan zalunci ne ko a ina. Amma ana magana kamar duk mai gona attajiri ne. Amfanin gona ba ya jira, idan ya nuna kwana kaɗan gare ka, kuma mai saye shi yake yanka farashi, sau da yawa ma sai ya ɗauki kaya ya ce kuɗi sai bayan wata biyu. Sannan akwai tambayar da ba wanda ya taɓo: wanda ya ci gaba da zama bayan izininsa ya ƙare ai shi ma ya karya doka. Yaya za a yi wanda ya taka doka ɗaya ya je ya nemi mafaka a ƙarƙashin wata?

Malam_Isuhu:
Alhaji Gambo, uzurinka na jinkirin mai saye abin dubawa ne, amma lebura bai shiga cinikinka da mai saye ba, kuma ba a ce za a raba riba da shi idan farashi ya tashi ba. Hadisin da Ibnu Majah ya ruwaito cewa ya yi a ba ɗan ƙwadago ladansa kafin guminsa ya bushe, kuma bai gindaya sharaɗin asalinsa ba. Game da karya doka kuwa, mai gonar da Malam Tanimu ya ba da labari ya san takardar ta mutu, ya bar yaron ya ci gaba da aiki har wata biyu, bai tuna da jami'an shige da fice ba sai ranar biya. Idan laifi ne, su biyu suka yi shi, amma ɗaya ne kawai ya fita da riba.

Dokta_Shuaibu:
Tambayar Alhaji Gambo ta taɓa zuwa gaban manyan kotuna biyu, kuma suka ba da amsa mabambanta cikin shekara ɗaya da rabi. A watan Maris 2002, Kotun Ƙolin Amurka, a shari'ar kamfanin Hoffman Plastic, ta yanke hukunci da rinjayen alƙalai biyar a kan huɗu cewa baƙo marar takarda da aka kora saboda shiga ƙungiyar ƙwadago ba za a biya shi albashin lokacin da ya zauna a kore ba. A lura, kotun ba ta halatta hana shi ladan aikin da ya riga ya yi ba, maganar a kan diyyar korar ce. Alƙalai huɗun da suka saɓa sun kawo hujjar da ya kamata Alhaji Gambo ya yi tunani a kanta: idan korar baƙo ba ta da tsada, masu ɗaukar aiki za su fi son baƙo marar takarda a kan ɗan ƙasa, ke nan hukuncin zai ƙarfafa abin da dokar shige da fice take son hanawa. Meziko kuma ta nemi fatawar Kotun Haƙƙin Ɗan Adam ta nahiyar Amurka, wadda a watan Satumba 2003 ta ce da zarar mutum ya shiga alaƙar aiki ya mallaki haƙƙin ma'aikaci, ko yaya matsayin zamansa yake.

Akwai kuma wani ɓangare da muke tsallakewa saboda mun zuba ido a kan baƙunta. Leburan gona ko ɗan ƙasa ne sau da yawa an bar shi a bayan ƙofa. Dokar Amurka ta 1935 da ta ba ma'aikata 'yancin kafa ƙungiya ta cire masu aikin gona, kuma har yau ba a mayar da su ba. Dokar 1938 ta mafi ƙarancin albashi ita ma ta cire su, sai a 1966 aka shigar da wani ɓangare nasu, amma kuɗin ƙarin lokaci har yanzu dokar tarayya ba ta ba su ba. Masana tarihi da dama suna danganta wannan da matsin 'yan majalisar kudancin ƙasar, inda baƙaƙen fata ne suke riƙe da aikin gona a lokacin. Saboda haka baƙon da ya zo gona ramuka biyu ne a gabansa, ɗaya na baƙunta ɗaya na sana'ar kanta.

Sadiku82:
To ai ko mai takarda ma bai tsira ba, Dokta.

Dokta_Shuaibu:
Haka ne, kuma a ganina nan ne ciwon yake. Mafi yawan shirye-shiryen kawo ma'aikatan kaka suna ɗaure biza da sunan mai gona guda. Haka bizar H-2A ta Amurka take, haka kuma shirin Kanada da ya fara da 'yan Jamaika a 1966 aka shigar da Meziko a 1974. Idan mai gona ya sallame ka, ka rasa aiki da wurin kwana da izinin zama a rana ɗaya, kuma shi ne zai faɗi ko a sake kiranka baɗi. Mutumin da ke cikin wannan hali, ko littafin doka ka ɗora masa a ka, ba zai kai ƙara ba. A 2023, Tomoya Obokata, jami'in Majalisar Ɗinkin Duniya mai bincike kan bautar zamani, ya ziyarci Kanada ya ce tsarinta na ma'aikatan wucin gadi wuri ne da irin wannan bauta take samun damar tsirowa. Kanada tun 2019 tana ba wanda ya nuna alamar ana cin zarafinsa izinin aiki da bai ɗaure shi da kowa ba, sai dai nauyin kawo hujja yana kan leburan. Kotun Ƙolin Isra'ila kuwa tun 2006 ta ce ɗaure ma'aikaci baƙo da ubangida guda ya saɓa wa mutuncin ɗan Adam. Tarihi ma ya bar mana darasi a shirin Bracero na kai leburorin Meziko aiki Amurka, wanda ƙasashen biyu suka gudanar daga 1942 zuwa 1964, inda a shekarun farko aka riƙa cire kashi 10 cikin 100 na ladan leburori da sunan ajiya, kuma da yawansu suka tsufa suna bin wannan kuɗi.

Uwar_Tagwaye:
Na ga duk misalan sun karkata Turai da Amurka, kamar a nahiyar Afirka baƙon gona yana kwance a kan katifa. Gonakin koko na Kwaddibuwa sun tsayu ne a kan gumin mutanen Burkina Faso da Mali, gonakin lardin Limpopo na Afirka ta Kudu kuma cike suke da 'yan Zimbabuwe. A ƙarshen 1969 gwamnatin Busia a Gana ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fice, kuma a cikin waɗanda suka fita akwai leburorin koko masu yawa. Yarjejeniyar Afirka ta Haƙƙin Ɗan Adam ta 1981 ta haramta korar baƙi a dunƙule a sashe na 12, amma ba ta isa ta sa sufeton ƙwadago ya shiga gonar da ke nesa da titi ba.

Gambo_Manomi:
Hajiya, a kan sufeto na yarda da ke, domin ni tun da na fara noma ban taɓa ganin ko ɗaya ba. Malam Isuhu kuma na karɓi gyaranka a kan mai gonar can. Amma har yanzu ina nan a kan cewa idan ba a taɓa mai saye ba, ƙaramin manomi ne kawai za a matse.

Hajiya_Kulu:
Alhaji, akwai inda aka gwada abin da kake faɗa. Leburorin tumatir na garin Immokalee a jihar Fulorida sun kafa ƙungiya, suka matsa wa manyan kamfanonin da ke sayen tumatir har suka yarda su ƙara senti ɗaya na dala a kan kowane fam na nauyin tumatir, kuɗin ya tafi kai tsaye ga masu tsinka, kuma su daina saye daga duk gonar da aka kama tana cin zarafi. Tsarin ya kankama a 2011, kuma abin da ya ba shi haƙori shi ne tsoron rasa kasuwa.

Ladi_Tafinta:
Bari in dawo da mu kan tambayar Malam Tanimu. Na yi shekaru ina tafinta a wani ofishin taimakon shari'a na sa-kai, kuma abin da ya fi kashe ƙara a gabana shi ne rashin hujja, ba rashin doka ba. Na tuna wata mata da ta zo da ɗan ƙyalle ta kwance shi a kan tebur, a ciki akwai ƙananan takardun da ake ba su duk lokacin da suka miƙa kwandon da suka cika. Ba ta iya karatu ba, ta dai riƙa tarawa. Lauyan ya jera su bisa kwanan wata, sai ga aikin mako bakwai ya fito sarai, kuma mai gonar ya biya tun kafin a shiga kotu. Waɗanda suka zo hannu rabbana kuwa, magana ce ta wannan a kan ta wancan.

Abu na biyu, kafin yaron ya je ko'ina, a bincika ko a ƙasar da yake ofishin ƙwadago yana miƙa bayanan masu ƙara ga hukumar shige da fice. Akwai inda aka gina katanga tsakanin ofisoshin biyu, akwai kuma inda sufeto yake zuwa gona tare da 'yan sanda, wanda ya kawo kuka shi za a fara sa wa ankwa. Shi ya sa ya fi kyau ya fara da ƙungiyar ƙwadago ko lauyoyin sa-kai, su ne suka san wace ƙofa ce ba ta da tarko. Kuma idan mai gonar ya riƙe masa fasfo, ya faɗa tun farko, domin wannan yana iya mayar da maganar daga bashi zuwa tilasta aiki.

Barista_Rabi:
Malama Ladi ta taɓo wuri mai muhimmanci. A watan Afrilu 2013, a garin Manolada na ƙasar Girka, masu gadin wata gonar sitiroberi sun buɗe wuta a kan leburori 'yan Bangaladesh da suka taru suna neman bashin watanni, suka raunata 30. An yi musu alkawarin Yuro 22 a kan aikin awa bakwai, kuma ba su da izinin aiki. Kotun Girka ta wanke waɗanda ake tuhuma daga laifin fataucin mutane, bisa hujjar cewa leburorin suna da damar tafiya idan sun so. Su 42 suka garzaya Kotun Turai ta Haƙƙin Ɗan Adam, wadda a watan Maris 2017 ta ce wannan tilasta aiki ne, domin wanda ba shi da takarda, yana tsoron kamu, kuma ya san idan ya tafi kuɗinsa ya mutu, amincewarsa ta farko ba ta isa hujja ba. An umarci Girka ta biya kowannensu diyya.

Sadiku82:
Daga harbi zuwa hukunci shekara huɗu, Barista, kuma sai da aka zubar da jini sannan duniya ta waiwaye su. Surukin Malam Tanimu ladan wata biyu yake bi.

Tanimu_Sabo:
Na gode ƙwarai, 'yan'uwa. Na yi magana da yaron jiya da dare. Babu rubutacciyar yarjejeniya, amma yana da saƙonnin murya a WhatsApp inda mai gonar da bakinsa yake cewa ya yi haƙuri sai an sayar, kuma yana rubuta kwanakin aikinsa a wani ɗan littafi. Fasfonsa yana hannunsa. Su biyar ne suke bin bashin, biyu daga cikinsu 'yan ƙasar ne, amma sauran biyun da suke baƙi irinsa sun ce su dai a bar wa Allah. Shi kansa ya fi karkata ga ya dawo gida. Barista, idan ya baro ƙasar, ƙarar ta mutu ke nan?

Barista_Rabi:
Ba dole ba ne, Malam Tanimu. A ƙasashe da yawa yana iya ba lauya ko ƙungiyar ƙwadago wakilci a rubuce kafin ya tafi, su ci gaba da bin kuɗin a madadinsa, kuma dokar Turai ta 2009 da na ambata ta tanadi biyan wanda ya riga ya koma ƙasarsa. Amma kowace ƙasa tana da wa'adin da ake shigar da ƙarar albashi a cikinsa, don haka ya tambayi wannan wa'adi kafin ya sayi tikiti. 'Yan ƙasar nan biyu kuma su ne ƙarfinsa, domin su ba a iya yi musu barazana da jami'an shige da fice.

Tsohon_Lebura:
Malam Tanimu, ka ce masa ya ɗauki hoton kowane shafi na littafin nan yau ɗin nan ya turo maka, tare da saƙonnin muryar. Kuma idan har yanzu a ɗakin gonar yake kwana, kada ya bar littafin a ƙarƙashin tabarma idan zai fita, domin mabuɗin ɗakin ba a hannunsa kaɗai yake ba.